Sunana Zanubiya: daga ina ya fito, kuma wai har maza na amsa shi?

Zanubiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata a kan sunana ce, don na gaji da ba mutane amsar da ni kaina ban tabbatar da ita ba.

Sunana Zanubiya. Ba laƙabi ba ne, ba kuma sunan da na ɗora wa kaina a intanet ba, shi ne a takardar haihuwata da duk takardun makaranta. Mahaifina ne ya zaɓa, Allah Ya jiƙansa, ya rasu tun ina ƙarama ban kai ga tambayarsa ba. Iyakar abin da mahaifiyata ta sani shi ne ya ce sunan wata sarauniya ce ta ƙasar Sham, kuma tun kafin su yi aure yake cewa in Allah Ya ba shi 'ya mace sunan da zai sa mata ke nan. Yayyena da ƙannena duk sunayensu irin waɗanda kowa ya sani ne, ni kaɗai aka ware.

Ga shi na girma har ina koyarwa a aji, ban taɓa haɗuwa da takwarata ba. Duk inda na faɗi sunan sai an ce in maimaita. Wani ya rubuta Zainabu, wani Zulaiha, akwai ma wanda ya taɓa rubuta min Janubiya. Mafi yawa kuma sai su yanke hukunci da kansu, su ce ai Zainab ce aka yi wa kwalliya. Ni ma nakan ce e haka ne, don dai a wuce wurin.

To wata abokiyar aikina ta duba wani shafin ma'anar sunaye, ta ce an rubuta Girkanci ne ba Larabci ba, kuma wai akwai na maza. Wani shafin kuma ya ce mata ne ɗari bisa ɗari. Masu sani ku taimaka: mene ne asalinsa? Da gaske daga Zainab ya fito? Maza na amsa shi? Kuma a ina ake samun masu irinsa da yawa?

Baban Hanifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan mahaifinki, da ganin zaɓinsa mutum ne mai karatun tarihi.

Sarauniyar da yake nufi ita ce ta Tadmur, birnin da Turawa ke kira Palmira, a tsakiyar hamadar Siriya, kimanin kilomita 215 arewa maso gabas da Dimashƙu. A wancan zamani zango ne na ayari. Fatake masu ɗauko kayan Indiya da Sin ta gaɓar Tekun Fasha a nan suke sauke kaya kafin su nufi Bahar Rum, kuma kuɗin fiton da ake karɓa a hannunsu shi ya azurta garin. A ƙarƙashin daular Rum yake, amma da 'yancinsa daidai gwargwado.

A shekara ta 260 miladiyya sarkin Farisa Shapur na ɗaya ya kama sarkin Rum Baleriyan da ransa, gabashin daular ya zama ba mai tsaronsa. Mijin Zanubiya, wanda Larabawa ke kira Uzaina, shi ya tara mayaƙan Tadmur ya fatattaki Farisawa har ƙofar babban birninsu, Romawa suka ga ba su da abin yi sai su bar masa riƙon gabas. Wajen 267 aka yi masa kisan gilla tare da babban ɗansa. Wanda ya rage, Wahballat, yaro ne ƙarami, sai uwar ta riƙe masa sarauta. Daga riƙo kuma abu ya zarce. A 270 sarkin yaƙinta Zabdas ya ci Masar, ƙasar da ake ɗebar wa birnin Rum alkama daga cikinta, shekara ta zagayo rundunarta ta kai har Ankara ta Turkiyyar yau. A 272 ta buga kuɗi da hotonta da laƙabin Ogusta, wanda matar sarkin Rum ce ke da shi. Wannan kam ba ɓoye-ɓoye, tawaye ne a fili. Sabon sarkin Rum, Aureliyan, ya taso da kansa, ya ci ta a kusa da Antakiya, ya sake cin ta a Hims, ya kewaye Tadmur. Ta sulale a kan raƙumi za ta nemi gudummawa wajen Farisawa, aka cim mata a bakin kogin Furat. Ƙarshenta an yi saɓani. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce an zaga da ita birnin Rum a 274 cikin sarƙoƙin zinariya, daga baya aka ba ta gida a Tiboli, kusa da birnin Rum, ta ƙarasa rayuwarta a can. Wata ruwayar ta ce tun a hanya ta mutu.

Sai batun sunan. Mutanen Tadmur da harshe biyu suke rubutu a jikin duwatsunsu: Aramiyanci, wanda shi ne nasu, da Girkanci, wanda shi ne harshen mulki da ciniki a gabashin daular. A Aramiyanci sunanta Bat-Zabbai, wato 'yar Zabbai. A Girkanci kuma Septimiya Zenobiya. Shi Zenobiya gaɓa biyu ne: "Zen" daga sunan Zus, babban abin bautar Girkawa, da "bios", rai ko rayuwa. Ana fassara shi da "rayuwar Zus" ko "rai daga Zus". Larabawa da suka ɗauko shi suka ce Zanubiya. Don haka abokiyar aikinki ba ta yi miki ƙarya ba.

Ummu Sudais ta rubuta:

Baba, da girmamawa, ni dai ban gamsu ba tukuna. Matar nan Balarabiya ce ko aƙalla 'yar yankin, mijinta Uzaina, ɗanta Wahballat, duk sunayen Larabawa. Me zai sa ita kaɗai a ce sunanta na Girkawa ne? Na karanci Larabci, kuma marubutan Larabawa da dama da Zainab suke kiranta. Har yau a Masar in ana yi wa Zainab kiran shagwaɓa Zannuba ake cewa. Zannuba da Zanubiya ai ba sai an kira malami ya gwada ba.

Sannan Larabawa suna da nasu labarin nata tun kafin Turawa su tono duwatsun Tadmur, suna kiranta Zabba'u. Malamin tarihi Ɗabari ya kawo shi. Sarki Jazima al-Abrash ya kashe mahaifinta, ta yaudare shi da maganar aure, ya zo, ta sa aka tsage masa jijiyoyin hannu har jininsa ya ƙare. Bafadensa Ƙasir ya yanke hancin kansa ya je wurinta yana kukan wai ɗan 'yar'uwar Jazima, Amru ɗan Adiyyu, ne ya yi masa haka. Ta yarda da shi, ya riƙa yi mata fatauci, rannan ya shigo mata da mayaƙa cikin buhuna a kan raƙuma. Da ta ga Amru ya tare mata hanya sai ta tsotsi dafin da ke cikin zobenta ta ce "da hannuna, ba da hannun Amru ba". Maganar nan ta zama karin magana a Larabci har gobe, haka ma "ba banza Ƙasir ya yanke hancinsa ba".

Ni a ganina Girkawa ne suka ji Zainab bakinsu ya kasa, suka lanƙwasa shi ya yi kama da nasu. 'Yar'uwa Zanubiya, ki ci gaba da cewa Zainab ce, ba ki yi laifi ba.

Baban Hanifa ya rubuta:

Malama, kin kawo hujja mai nauyi, kuma akwai masana da suka faɗi irin abin da kika faɗa. Amma bari in nuna miki inda ta yi rauni.

Da a ce Girkawa sun ƙirƙiri sunan ne don wannan sarauniya, da ba za a same shi kafin ita ba. Ga shi kuwa an samu. Kusan shekara 200 kafin a haife ta akwai wata Zenobiya, 'yar sarkin Armeniya, matar Radamistus. Marubucin tarihin Rum, Tasitus, ya ba da labarinta: wajen shekarun 50 miladiyya jama'a suka yi musu bore, suka gudu a kan dawakai tana da juna biyu, da ta kasa ci gaba ta roƙi mijin ya kashe ta kada ta faɗa hannun abokan gaba. Ya soke ta ya jefa a kogin Aras, makiyaya suka tsince ta da sauran numfashi suka yi jinyarta. Wannan ba ruwanta da Larabawa. Na mazan kuma, Zenobiyos, sananne ne a ƙasar Girka tun kafin nan.

Maganar me zai sa ta ɗauki sunan Girkawa, ai manyan Tadmur suna biyu suke yi, ɗaya na gida ɗaya na takarda. Ɗan nata ma da kika ambata, Wahballat, ma'anarsa kyautar Lata, gunkin nan da aka ambata a Suratun Najmi. A Girkanci kuwa Atenodoros ake rubuta shi, kyautar Atena, wata abin bautar Girkawa, saboda sun ɗauka Lata da Atena abu ɗaya ne. Wani lokaci ma'ana suke bi kamar haka, wani lokaci kuma amon sunan suke bi, su nemo sunan Girkanci da ke kusa da nasu a kunne. Zabbai da Zenobiya wannan hanya ta biyu ce mafi kusa.

Zabba'un da kika kawo ma ni take goya wa baya. Ki furta Zabba'u, ki furta Zabbai, sannan ki furta Zainab, ki ji wanne ya fi kusa. Labarin kansa kuwa, da daɗinsa da komai, babu Aureliyan a ciki, babu cin Masar, an mai da shi rikicin ƙabilun Larabawa ne zalla. Duwatsun da aka sassaƙa tana raye kuma Bat-Zabbai suka ce, ba su ce Zainab ba.

Zainab sunan Larabci ne mai zaman kansa, ƙamusoshin Larabci sun ce sunan wata bishiya ce mai kyan gani da ƙamshi, wasu kuma su raba shi su ce "zainu ab", adon uba. Zannuba ta Masar daga shi ta fito, ban musa ba. Kama ce kawai ta haɗa su da Zanubiya, kuma kama da wane ba ta wane.

Mai Lissafi ya rubuta:

Ni ɓangaren maza da mata da kuma yawan masu sunan zan taɓa, tunda dattawa sun gama da tarihi.

Shafukan nan biyu da suka ruɗa ki, Malama Zanubiya, kowanne da gaskiyarsa. Siffar da ta ƙare da "a" ta mata ce a ko'ina, namiji ba ya amsa ta. Amma tana da ɗan'uwa namiji daga tushe ɗaya, kamar yadda ake da Jamilu da Jamila. Kiristocin Otodoks ma suna da waliyyai biyu wa da ƙanwa, Zenobiyos da Zenobiya, mutanen yankin Kilikiya a kudancin Turkiyyar yau, waɗanda aka kashe a zamanin da Rum ke farautar Kiristoci. Ranar 30 ga Oktoba suke tunawa da su. Ta wannan hanya sunan ya shiga Girka ta yanzu da Rasha da Yukren da Romaniya, ba ta hanyar sarauniya ba. A can mace Zinobiya ko Zinoviya, namiji Zinovi. A Italiya akwai Zanobi, daga wani bishop na birnin Fulorans da ya rayu a ƙarni na 4 zuwa farkon na 5. A Faransanci namijin Zénobe ne, kuma shahararren mai sunan shi ne Zénobe Gramme ɗan Beljiyam, wanda ya fito da injin dainamo mai ba da lantarki a 1871.

Sai lissafi. Yawancin shafukan ma'anar sunaye ba su ƙirga kowa ba, jerin hukumar inshorar jama'a ta Amurka suke kwasa. Jerin ya faro daga haihuwar 1880, kowace shekara suna fitar da sunaye 1,000 da suka fi yawa a maza da mata. Akwai kuma dogon jeri, amma duk sunan da bai kai jarirai 5 ba a shekarar ba sa saka shi, don kada a gane mai shi. Ofishin ƙididdiga na Ingila da Wales shi a 3 ya tsayar. To kin ga in shafi ya ce miki "ɗari bisa ɗari mata", abin da yake nufi shi ne a Amurka, da wannan rubutun harafin, ba a sami maza 5 a shekara ɗaya ba. Bai leƙa Rasha ba, bai leƙa Siriya ba, bai san da ke ba. Haka in kika ga an rubuta wai mutum kaza ne ke da sunan a duk duniya, ki wuce kawai, ƙasashe da yawa ba sa fitar da irin wannan jeri sam.

Abin da za a iya faɗa shi ne a Amurka sunan ya shafe gomman shekaru ba ya cikin 1,000 na farko, amma bai mutu ba, ana ci gaba da sa shi jefi-jefi. Inda ya fi zama gida shi ne Siriya, inda hoton sarauniyar ke jikin takardar lira 500 da aka buga a 1998, sai kuma wurin da ba za ki zata ba: Farsawan Indiya, mabiya addinin Zaradusht waɗanda asalinsu daga Farisa ne, musamman na Mumbai. A cikinsu Zenobiya sunan yau da kullum ne. Abin dariya, mijin sarauniyar da Farisawa ya yi ta yaƙi.

Sadiƙu ya rubuta:

Ni duk wannan bayani abu ɗaya na tsinta a ciki: sunan gunki ne a jikin sunan. Yaya Zanubiya, in ni ne ke, gobe zan canza. Ga Zainab nan kusa, ba sai kin yi nisa ba.

Ummu Sudais ta rubuta:

Sadiƙu, a bi a hankali. Ba a yanke wa mutum hukunci a kan sunan da ubansa ya sa masa da layi biyu.

Gaskiya ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa mutane sunaye. Ya mai da Asiya mai haruffan ain da sadi, mai ma'anar mai saɓo, zuwa Jamila. Zainab 'yar Jahshi ma da Barra ake kiranta, shi ya mai da ita Zainab, haka Zainab 'yar Abu Salama. Abin da malamai suka haɗu a kan haramcinsa shi ne sunan da ke bautar da mutum ga wanin Allah, irin su Abdul Uzza da Abdul Ka'aba. Shin sunan wani harshe da ma'anarsa ta asali ta shuɗe, wanda Larabawan Sham Musulmi da Kirista ke sa wa 'ya'yansu don tunawa da sarauniya, ya shiga wannan babi ko bai shiga ba, wannan tambaya ce ta malamin da ya san fiƙihu, ba tamu ba. Ta kai masa bayanin yadda yake, har da abin da Baba ya faɗa da wanda na faɗa, tunda asalin ma ba a gama daddalewa ba. Har yanzu ina kan bakana, Baba, sai dai na yarda labarin ta Armeniya ya rage min ƙarfi.

Zanubiya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na karanta wa mahaifiyata bayaninka, da na zo wurin kama sarauniya a bakin kogi sai ta ce tabbas ta taɓa jin wannan daga bakin marigayi, har da raƙumin. Sadiƙu, na ji shawararka, zan tambayi malami kamar yadda Malama ta ce, amma gobe kam ta yi kusa.

Saura abu ɗaya. Ban da sarauniyoyi da waliyyai, akwai wasu sanannun takwarorina na kusa-kusan nan? Ina so in sami abin faɗa wa ɗalibaina, don su ma sun dame ni.

Baban Hanifa ya rubuta:

Akwai, 'yata, ko da ba su da yawa.

Zenobia Camprubí 'yar Sifaniya, an haife ta 1887, marubuciya ce kuma mai fassara, ita ta juya rubuce-rubucen Tagore na Indiya zuwa Sifaniyanci. Mijinta mawaƙi Juan Ramón Jiménez ya ci kyautar Nobel a 1956, ta rasu kwana 3 bayan an sanar. Akwai Zenobia Powell Perry, baƙar fatar Amurka daga jihar Oklahoma, mai tsara kiɗa kuma malamar jami'a, ta rayu daga 1908 zuwa 2004. Cikin Farsawan Indiya da Mai Lissafi ya ambata akwai 'yar wasan kwaikwayo Zenobia Shroff, wadda ta tashi a Mumbai take aiki a Amurka. Har jirgin ruwa an sa wa sunan, wani ƙaton jirgin ɗaukar motoci da ya nutse kusa da Larnaka ta tsibirin Kubrus a watan Yunin 1980 da manyan motoci fiye da 100 a cikinsa, yanzu masu ninƙaya a ƙarƙashin teku ke tururuwar zuwa kallonsa.

Wanda ya fi kama da mahaifinki kuwa shi ne Khalid al-As'ad, masanin kayan tarihi ɗan asalin Tadmur, wanda ya shugabanci kula da kufan birnin shekara 40, daga 1963 zuwa 2003. Saboda son sarauniyar ya sa wa 'yarsa Zanubiya. Da 'yan ƙungiyar ISIS suka kama garin a watan Mayun 2015 bai gudu ba, suka tsare shi, suka kashe shi a watan Agusta yana da shekara fiye da 80. A watan ne kuma suka tarwatsa manyan wuraren ibada biyu na tsohon birnin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1980.

Mai Lissafi ya rubuta:

Ƙarin bayani kaɗan, Malama. In za ki nemi takwarori a Facebook ko wani wuri, kada ki tsaya a kan yadda aka rubuta naki, ba za ki sami kowa ba. Ki gwada Zenobia, shi ne rubutun da ya fi yawa a Indiya da Amurka da Poland, sai Zinovia na Girkawa, sai Zénobie na Faransa. Na Siriya da Labanan kuwa sai kin rubuta da haruffan Larabci, kuma ki gwada ƙarshensa iri biyu, da alif da kuma ta marbuɗa, don duka biyun ana yi.